Sai Motar Baba Ta Tashi

Hutun sati biyu aka ba ni a wurin aiki da Inna ta rasu. Sito nake kula da shi a wani kamfanin robobi a Kano. Bayan sadakar bakwai matata ta koma da yara saboda makaranta, ni kuma na tsaya a garinmu, can wajen Baure, don in ƙarasa karɓar gaisuwa tare da Baba. Ni ne autansa. Yayata tana aure a unguwar gaba, ita ke aiko masa da abinci, amma gidan kam ya zama shi kaɗai.

Ranar da na haɗa jaka na durƙusa yi masa sallama, sai ya nuna bayan gidanmu da sandarsa.

"Auta, ka tayar min da motar nan tukuna. Ka kai ni garin Babban Mutum ran kasuwa in ga mutane, mu dawo, sai in sa maka albarka ka koma aikinka."

Motar tsohuwar jif ce mai shan gas, irin mai ja da ƙafa huɗu. Da ita Baba ya yi rayuwarsa, yana dakon 'yan kasuwa da buhunan gero a hanyoyin rairayi, inda ƙananan motoci ke kafewa. Tun da ciwon gwiwa ya zaunar da shi take ajiye a gindin darbejiya, har kaji sun mai da kujerar baya wurin saka ƙwai. Ni ba bakanike ba ne, abin da na tsinta a hannunsa ina yaro kawai nake da shi. Na ce a kira mai gyara daga Zango. Ya ce motar da bai taɓa kai wa gareji ba yana da ƙarfi, ba yanzu wani zai sa mata hannu ba. Na duba kwanakina, saura huɗu. Na ce to, ai ba abin da zai gagara.

Na sake batir, na juye baƙin mai, na wanke tanki, na sa sabuwar filta. Baba yana kan tabarma da carbinsa yana ba da umarni kamar oga. Ya tuna min da halin mai shan gas: in iska ta shiga hanyar mai, ko kwana za ka yi kana murza makulli ba za ta tashi ba. Sai ka sassauta noti, ka yi ta danna ɗan famfon hannu har kumfa ta ƙare, mai ya fito zalla, sannan ka ɗaure. Haka na yi. A rana ta uku ta yi tari, ta tashi, hayaƙi ya turnuƙe gidan, kaji suka watse. Na yi murna har na buga wa matata waya na ce ta dafa da ni jibi.

Washegari na murza makulli, ta tashi, ta yi kamar minti ɗaya, ta mutu. Iska ta koma.

"Famfo ne," in ji Baba. "Ka kwance shi ka kai Daura a duba."

Na kwance, na hau motar haya zuwa Daura, aka duba aka ce lafiyarsa lau. Na dawo na ɗaura, na fitar da iska, ta tashi. Kashegari ta mutu. Baba ya ce nozul ne, bakin da ke fesa mai cikin inji. Bayan nozul ya ce tiyo ne ya tsage a wani wurin da ido ba ya gani. Na sake tiyo tun daga tanki har inji, ina kwance a ƙarƙashinta, tururuwa na cizona, gas na ɗiga min a gemu. Kullum da rana mota lafiya, da safe kuma aikin baban giwa.

Sati biyu suka zama wata guda. Ogana ya ƙara min kwanaki sau biyu, a na uku ya ce ran Litinin in bai gan ni ba zai miƙa makullin sito ga wani. Matata ba ta yi faɗa ba, tambaya ɗaya take yi, "Yau ma ba ta tashi ba?" Da ta yi faɗan da ya fi min sauƙi. Na tsani motar nan, na faɗa ban ɓoye ba. In na fito da safe na gan ta a gindin bishiya sai in ji kamar turke ce, ni kuma akuya. Jakata tana ɗaure a bakin ƙofa, ba mai riƙe da ni, tasha ga ta nan kusa. Amma ɗan da uba ya ce masa yi kaza in sa maka albarka, ina zai sa ƙafa bai yi ba?

Akwai wani ƙaramin noti a ƙasan filta, ta inda mai ke shigowa daga tanki. Sau biyu na same shi a sassauce, na ɗauka girgizar inji ce, na ɗaure na wuce. Kaina bai kawo komai ba.

Ranar Juma'ar da ta rage min kwana uku, na dawo daga masallaci na tarar da Baba zai yi alwala. Shi a gida yake salla a zaune, saboda gwiwar. Na kama hannunsa don in tayar da shi, sai na ji warin gas. Wanda ya taɓa gas ya san ko da sabulu warinsa ba ya fita da wuri. Ni kuwa na yi wanka na sake kaya tun kafin in tafi, kuma mutumin nan wata guda ban ga ya taɓa motar ba. Na sunkuya kamar zan gyara masa buta, na ji warin har a jikin carbinsa. Na je na taɓa notin. Na ɗaure shi da safe, yanzu da yatsa ma yana juyawa.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na tuna zafin ranar da na sha a hanyar Daura, da ƙaryar da na yi ta yi wa oga, da tuwon da matata ta dafa da ni ya kwana. Ashe duk lokacin da na tafi masallaci, tsohon nan da ba ya iya taka goma sai da sanda, jan jiki yake yi har gindin darbejiya. Na ɗauko babbar sifana na ɗaure notin iya ƙarfina, na fitar da iska, na rufe bonet.

Ran Asabar ta tashi bugu ɗaya, kuma ba ta mutu ba. Na bar ta tana ta kuka har injin ya yi zafi. Baba ya saurara, ya gyaɗa kai, ya ce, "Madalla." Na ce gobe in Allah ya kai mu sai Babban Mutum, ko da kasuwa ko babu, daga nan in kama hanyar Kano. Ya ce to.

Da la'asar na tafi masallaci kamar kullum, amma da aka sallame ban tsaya gaisawa ba. Na shigo ta ƙofar baya. Bonet a buɗe. Baba yana jingine da mota, sandarsa ta faɗi ƙasa, ya riƙe sifana da hannu biyu yana ja, notin ko motsi. Gumi ya jiƙe masa riga. Ya juyo ya gan ni. Bai ɓoye sifanar ba, bai kuma kawar da kai ba.

"Ka ɗaure shi da yawa, Auta," ya ce. "Haka ake cinye bakin noti."

"Haka ne, Baba."

"Gidan nan in ka tafi, ba wanda zai yi min sallama da safe."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Na so in gaya masa cewa ni ma ina da gida, akwai masu jiran sallamata. Maganar ta zo min har baki. Sai na ga ƙafafunsa sun fara lanƙwashewa, na tare shi, na zaunar da shi a kan wata tsohuwar taya. Sifanar tana hannuna ban san lokacin da na karɓa ba. Yana kallona, ina kallon notin. Na ɗora ta a kai na sassauta masa kaɗan, daidai yadda yatsunsa za su iya.

Ran Litinin aka ba wani makullin sito. Da matata ta kira ta yi tambayarta, na ce mata yau ma ba ta tashi ba.