Gyambon Haladu Mai Allura

Haladu ɗan Kangire ne. Lokacin yaƙin basasa ya yi aikin ɗaure raunuka a wani asibitin soja, da aka gama ya dawo gida da sirinjin gilashi da hannu mai sauƙi. Ya sayi keke, ya shiga zagaya ƙauyukan da ke tsakanin Birnin Kudu da Gwaram yana yi wa mutane allurar fenisilin. A wancan zamani allurar tana ci kamar wuta. Mai maruru ko ciwon haƙarƙari, a soka masa yau, jibi ka gan shi a gona. Mutane suka laƙaba wa Haladu sunan Likita, shi kuwa bai taɓa hana su ba.

Yana da ɗan ƙanwar uwa, Manu, wanda Haladu ya girme wa nesa ba kusa ba. Manu ya yi makarantar kiwon lafiya a Kano, kuma a shekarun da arzikin man fetur ya buɗe aka turo shi sabon ɗakin shan magani kusa da Basirka, da farar riga da babur. Sannu a hankali sunan Likita ya koma can. A kasuwar Gwaram Haladu ya fara jin ana ce masa mai allura, abin ya tsaya masa a rai. Daga baya labari ya iso masa cewa Manu yana faɗa wa mutane allura ɗaya ba ta kashe ƙwayoyin cuta duka, masu tauri a cikinsu su ke saura, su saba da maganin, su hayayyafa. Manu bai ambaci sunan kowa ba, amma Haladu ya ɗauka da shi ake. Ko gaisuwar Salla ya daina amsa masa da sakin fuska.

Wata damina, yana noman dawa, fartanya ta sare shi a ƙwauri. Ya wanke, ya yi wa kansa allura. Ciwon ya ƙi rufewa. Ya ƙara, ya sake ƙarawa, har cinyarsa ta yi tauri, amma raunin sai faɗi yake, ya zama gyambo, wani yauƙi fari-fari ya lulluɓe shi. Matarsa Hapsatu ta yi ta roƙonsa ya je wurin ƙanensa. Ya ce gara ƙafar ta ruɓe da a ga kekensa jingine a ƙofar Manu.

Hapsatu ce ta aika wa Manu a ɓoye. Wata ranar kasuwa da hantsi sai ga babur a ƙofar gida. Manu ya durƙusa ya gaishe shi, ya kwance tsumman da ke ɗaure a gyambon, ya daɗe yana dubawa.

"Yaya, ka san gansakukar da ke kama cikin randa? Ko ruwa nawa ka zuba ba ta fita sai an kankare. Haka wannan yauƙin yake. Ƙwayoyin cutar ne suka yi wa kansu rufi suka kwanta a ƙarƙashi, magani ba ya kai musu. Waɗanda ya kai wa kuma sun riga sun saba da shi."

"Yi abin da ya kawo ka," in ji Haladu, fuskarsa na kallon bango.

Manu ya kankare gyambon har jan nama ya fito, ya wanke da ruwan gishiri. Haladu ya cije bakin rigarsa. Zafin bai dame shi ba kamar ganin hannun yaron a natse, ya fi nasa iyawa. Manu ya riƙa zuwa a kai a kai yana kankarewa, domin yauƙin kan dawo, ya kuma kawo wani magani na daban daga Birnin Kudu, ya tsaya a kan sai an shanye shi duka.

Kafin a gama girbi gyambon ya rufe, amma ƙafar ta ɗan ƙage, taka keke ya gagara. Haladu ya ajiye allura ya riƙe noma. In an tambaye shi yadda ya warke, sai ya ce ciwon ne ya gaji don kansa. Da aka yi wa Manu canjin wurin aiki, dangi suka taru yi masa sallama. Haladu ya ce wakensa na jiran roro, ya ɗingisa ya tafi gona, can ya wuni.