Furannin Ulu na Kaka Saratu

A Kakuri na tashi, a wani ciki da falo bayan masaƙa, daga ni sai kakata ta wajen uba, Saratu. Mahaifiyata ta rasu ina goye. Babana, Yohanna, ma'aikacin masaƙar ne har ranar da aka garƙame ƙofarta aka sallami kowa. Ina shekara bakwai ya saɓi jaka, ya ce zai je Legas neman aiki, da Ista zai dawo.

Duk shekara in zafi ya tsananta, Ista ta matso, Kaka takan fito da kwarashinta da ƙullin ulu. Da mun gama cin tuwo, kafin garwashin murhu ya mutu, sai ta ja kujera 'yar tsuguno ta hau saƙa furanni. Ja, rawaya, fari, kowanne bai wuce tafin hannuna ba. In sun taru ta jera su a jikin koriyar igiya da ta saƙa, mu rataya daga saman ƙofar falo har taga. Maƙwabta na roba suke saya a kasuwa, ita kuwa Kaka ta ce furen roba na malalata ne. Nawa aikin riƙe zare kada ya harɗe, ladana kuma tatsuniya.

Tana da tatsuniyoyi barkatai, amma a lokacin saƙar furanni guda ɗaya take yi.

"Ga ta nan tafe, Rifkatu, matsa mata," in ji ta, idonta na kan kwarashi. Ni kuma in ce ta shigo mu ji.

Wai an yi wani gari da ruwan sama ya ƙaurace masa. Sai maza biyu suka tashi nemo shi a bayan duwatsu, kowannensu ya bar 'ya a gida. Wata tsohuwa ta gargaɗi yaran cewa hanyar bayan duwatsu tana da kunne: duk ranar da yarinya ta tambaya yaushe ubanta zai dawo, hanyar za ta ƙara tsawon tafiyar yini guda. Ta farko ba ta da haƙuri, safe da yamma tambaya take, har hanyar ubanta ta miƙe ba iyaka. Ta biyu ta kama bakinta, kullum tana dasa fure ɗaya a ƙofar gida. Ranar da furannin suka zagaye gidan, sai ga ubanta da hadari a bayansa.

A nan Kaka takan cije zare da haƙori ta ce, "Kin ji ko? Yarinyar kirki ba ta tambaya."

Na ji kuwa, har ya wuce yadda ya kamata. Ista ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce, ban buɗe baki ba. In aka ƙwanƙwasa ƙofa gabana ya faɗi. A coci in ga yara sun riƙe hannun iyayensu maza, tambayar ta taso mini, in haɗiye ta. Sau ɗaya tak bakina ya suɓuce, na ce, "Kaka, Baba..." Kwarashin ya tsaya cak. Da sauri na ce ulu nake tambaya ko ya ƙare. Daga nan na zagaya bayan ɗaki na sha kuka, don na tabbata na ƙara wa ubana tafiyar yini guda.

Ina shekara goma sha shida Kaka ta rasu, saura mako biyu Ista, furannin shekarar ko rabi ba su kai ba. Ranar jana'iza wani mutum ramamme mai furfura ya tsaya a gabana, ya ce na girma. Da muryarsa na gane shi.

Bayan mutane sun watse ya zauna a falo ya ba ni labari, kansa a sunkuye. Legas ba ta karɓe shi ba. Wata shida ya yi ya dawo hannu rabbana, ya samu gadi a wata masana'anta a Kudenda. Kudenda fa, inda keke ke kai mutum ya dawo kafin tuwo ya huce. Kunya ce ta hana shi shigowa unguwa, mutumin da ya yi bankwana da kowa da kowa. Kaka ta san inda yake tun farko. Ƙarshen kowane wata tana zuwa wurinsa, ulun ma shi yake saya mata.

Yau ina da 'ya'ya, na san yadda uwa ke rufa wa ɗanta asiri. Ina ƙaunar Kaka, ita ta ci da ni ta tufatar da ni. Amma na daɗe da gane cewa wannan tatsuniyar ba haƙuri aka ƙirƙiro ta ta koya mini ba. An ƙirƙiro ta ne don kada wata tsohuwa ta sha wahalar amsa tambayar yarinya. Tsakanin kunyar ɗanta da zuciyar jikarta, ta zaɓi ɗanta, kuma har yau abin yana mini zafi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar da muka yi da yammacin ranar jana'izar kafin ya tashi. Na tambaye shi, karo na farko a cikin shekara tara, me ya hana shi ko leƙo ni sau ɗaya.

Sai ya ce, "Duk zuwan da Mama ta yi sai na tambaye ta ko kina nemana. Ta ce ko sau ɗaya ba ki taɓa tambayata ba."