Ɗakuna Biyu Masu Lamba Bakwai

Har yau ban manta da ranar da aka yi mini godiya a kan ɓarnar da ni na yi ba. Ina shekara ta biyu a karatun kwamfuta a Zinder, aka turo ni sitaj, wato koyon aiki, gida Matameye, wurin Malam Saminu mai gyara. Aikinmu na farko shi ne haɗa kwamfutocin wata makarantar kuɗi a kan reso ɗaya, wato layin da zai sa su riƙa aika wa juna saƙo.

Ga wanda bai san sana'ar ba, kowane katin reso yana da lamba mai gurbi goma sha biyu, da ita saƙo ke gane inda zai sauka. Masana'anta ke ba da ita. To, katunan da aka sayo wa makarantar daga Kano masu arha ne, duk lambarsu ɗaya. Malam Saminu ya ce in ba kowane kati sabuwa da hannuna. Ƙa'ida biyu ce: ta fara da 02, alamar cewa lambar gida ce ba ta masana'anta ba, kuma kada biyu su zo ɗaya.

Na yi dabarar da ta burge ni: ƙarshen kowace lamba ya zama lambar da ke jikin ƙofar ɗakin. Makarantar gida biyu ce aka fasa katanga aka haɗe, sai na ba kowane gida shafinsa a littafina, na ja layi da rula. Ban taɓa jera shafukan na duba ba. Ashe kowane gida yana da ɗaki na bakwai. Ɗaya na Malama Zuwaira ne, sakatariya, ɗayan na mai kula da ɗa'ar ɗalibai.

A makon ake tura sunayen masu jarrabawa ta intanet. Duk lokacin da mai kula da ɗa'ar ya kunna kwamfutarsa, ta Malama Zuwaira sai ta yanke. Darakta ya ce hannunta ne, kuma in Juma'a ta yi ba ta gama ba, zai ɗauko wani ya zauna a kujerar.

Ranar Talata na gano lambobinsu ne suka zo ɗaya. Nauyin baki ya hana ni magana, sai da Alhamis ta yi na shiga ofishinta kamar dubawa kawai, na canza lambar. Nan take kwamfutar ta kama aiki.

Darakta ya leƙo ya ce, "Kin gani ko, Malama? Taɓawa ɗaya! Ke kwana uku kina dambe da ita kamar jakin da ya ƙi gada."

Ita kuwa ta dube ni ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ka rufa mini asiri."

Na koma shago na buɗe wa Malam Saminu shafukan biyu. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Rubutu dai kamar na ɗab'i. Sa takalminka."

Muka koma makarantar, a gaban darakta da Malama Zuwaira na yi bayani. Ya yi gyaran murya ya ce ai komai ya wuce, ya shige ofishinsa. Malama Zuwaira kuwa ta cire tabarau ta ajiye.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun Talata."

"Talata," ta maimaita. "Ni kuwa ranar Laraba na ce wa maigidana ƙila tsufa ne ya cim mini, gara in ajiye aikin da mutuncina."

Ba ta yi faɗa ba, ta mayar da tabarau ta ci gaba da buga sunaye. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ku da kuke shigowa sana'ar, ku haɗa lambobinku a jeri ɗaya, ku duba kafin ku tashi. Amma abin da ya fi wannan: idan na'ura ta ƙi, mai amfani da ita kansa yake fara zargi, domin bai ga abin da muka taɓa a ciki ba. Mu kaɗai muka sani. Duk kwanan da muka yi shiru, wani ne ke ɗauke da laifinmu.