Kwana Uku a Sahara da Abokina Marar Igama

Shekarun baya, lokacin ina da kamar shekara huɗu a Makka, na taɓa shiga yawon sahara na kwana uku, irin wanda ake hawa raƙuma ana kwana a tanti. Wasu daga cikinku sun sha tambayata labarin hoton nan da nake kan raƙumi na ƙanƙame sirdi kamar wanda za a yi wa allura. To yau ga shi.

A lokacin aikin wayarin wuta nake yi a wani kamfanin gine-gine, igamata, wato takardar izinin zama a ƙasar, lafiya lau. A unguwar Zahir nake kwana, amma hirata a unguwar Mansur take, a shagon wani abokina tela. Shi a nan Makka aka haife shi, a unguwar Misfala. Iyayensa mutanen Damagaram ne da suka zo aikin Hajji suka zauna, mahaifin ya rasu bai samar wa kowa takarda ba. Haka abokina ya haura talatin ba igama, ba fasfo, ba komai. Larabcinsa ya fi nawa nesa ba kusa ba, Hausarsa kuwa sai ya yi ta yi mata ciko da Larabci. Shi ya fara nuna mini inda ake sayar da tuwo na gaske a Mansur. Da zazzaɓi ya kwantar da ni a shekarata ta farko, sati guda ya yi yana kawo mini kunu daga gidansu.

Wani ɗan ƙasa da muke aiki tare ne ya ce mini kawunsa yana kai mutane sahara lokacin sanyi, can gabas da Ɗa'ifa. Ya turo mini hotuna, ni kuma na je shago ina nuna wa abokina, don dai in yi burga. Ya karɓi wayar ya daɗe yana kallo, har ya tsayar da keken ɗinkinsa.

Ya ce, "Ka san ban taɓa wuce Ju'urana ba? Can inda ake zuwa ɗaura harami. Nan ne ƙarshen duniyata."

Na ce wasa yake yi. Ya ce wallahi ba wasa ba ne, ko Jidda a baki yake jin ta.

Ni na ce ya zo mu tafi. Ina so in faɗi wannan a fili, ba shi ya roƙa ba. Ya kawo maganar shingen bincike na kan hanya, na ce ai ba lokacin Hajji ba ne, askarawa, wato jami'an tsaro, ba sa tsanantawa. Na san cewa duk wanda aka kama yana yawo da marar takarda, shi ma tasa igamar tana iya tafiya. Na sani sarai, amma a cikin shago, ga shayi a hannu, abin bai yi mini kama da wani abin tsoro ba.

Ranar da za mu tashi na biya gidansu da motar haya na ɗauko shi. Mahaifiyarsa ta rako mu har bakin ƙofa, ta ce, "Ɗana, ka dai kula da ɗan'uwanka." Na ce, "Hajiya, ki kwantar da hankalinki, duk inda ya sa ƙafa nan zan sa tawa." Har da dukan ƙirji na yi.

Fitarmu ba wanda ya tsayar da mu. Muka hau duwatsun Ɗa'ifa, muka gangara, muka yi ta tafiya har kwalta ta ƙare. A nan muka tarar da ja-goranmu, kawun abokin aikina, yana jira da raƙumansa. Dattijo ne siriri, Balaraben ƙauye, ba ya yawan magana. Mu shida ne baƙin: ni da abokina, da wasu ma'aikatan asibiti huɗu 'yan Indonesiya. Bai tambayi kowa takarda ba. Ya dai kalle mu ɗaya bayan ɗaya, ya raba mana raƙuma.

Ba wanda ya gaya mini cewa raƙumi da ƙafafun baya yake fara miƙewa. Ina zama, ya yi sama da ni ta baya, na tafi gaba ɗungurungum har goshina ya kusa dukan wuyansa. Lokacin ne ɗaya daga cikin 'yan Indonesiyan ya ɗauki hoton nan. Kafin la'asar cinyoyina sun saɓule, bayana kamar an yi mini dukan taro. Ni da nake taƙama daga Kano na fito, na saba ganin raƙuma a kasuwar dabbobi, sai ga shi ina tambayar dattijo saura tafiyar awa nawa.

Abokina kuwa, wanda bai taɓa taɓa raƙumi ba, ya zauna daram kamar a kai aka haife shi. Kafin yamma ya koyi yadda ake jan akala a durƙusar da shi. Ya yi ta yi wa dattijon tambayoyi da Larabci, me raƙumi ke ci, kwana nawa yake yi bai sha ruwa ba, yaya ake gane sawun taguwa mai ciki. Dattijon da ba ya magana sai ga shi yana ba shi amsa doguwa.

Akwai wani abu da na lura da shi a ranar. A Mansur, abokina ba ya tafiya taku goma bai waiwaya ba. Ko a shago yake, idan mota ta rage gudu a bakin titi sai ya ɗago kai. Na saba da abin har na daina gani. A sahara ne na gane, saboda ya daina. Da muka sauka muka kafa tantuna, ya taka shi kaɗai zuwa kan wani tudun yashi, ya tsaya ya juya mana baya har aka kira magariba. Da ya dawo na ce me ya gano a can. Ya ce, "Ba komai. Shi ne ai abin. Ko'ina ka duba ba katanga."

Dattijon ya gasa mana gurasa a cikin toka mai zafi, ya kakkaɓe ta, muka ci da nama da gahawa. Ya ba mu madarar raƙumi, ya ce wanda bai saba ba ya sha kaɗan. Na shanye kwano guda. Abin da ya biyo baya ba sai na ba ku labari ba, amma na san bayan kowane tudu da ke kusa da zangonmu.

A rana ta biyu ne abin ya faru. Mun yi tafiya tun hantsi, da azahar muka sauka a ƙarƙashin wasu bishiyoyi masu ƙaya a wani kwari. Mun yi salla, ana dafa shayi, ni da abokina muna zaune kan tabarma ɗaya muna hira da Hausa, yana yi mini dariyar yadda nake tafiya a tale. Sai muka ji ƙarar mota. Wata farar mota mai fitila a kai ta ɓullo daga bayan tudu, ta tsaya daf da mu, mutum biyu cikin kaki suka fito.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na dai ga kaina na ɗauki jakata na koma wajen 'yan Indonesiyan na zauna, hannuna a kan aljihun da igamata take. Abokina bai motsa ba da farko. Dattijon ne ya kira shi a hankali, ya miƙa masa akala ya ce ya riƙe masa taguwar nan kada ta firgita. Ya tashi ya riƙe, sai ka ce yaron dattijon ne.

Babban cikinsu ya tsaya da dattijon suna gaisawa, yana duba takardar izinin sana'arsa, yana tambaya ko itacen da muke hura wuta da shi a nan aka saro. Ɗayan, matashi ne baƙi kamar mu, ya zagayo ya tsaya a kaina. Ya kalle ni, ya nuna abokina da haɓa, ya ce da Larabci, "Tare kuke da wancan?"

Na ce, "A'a, a nan muka haɗu."

Tsakanina da abokina bai fi taku biyar ba. Wurin kuma shiru, ko iska ba ta kaɗawa.

Askar ɗin ya yi murmushi. Ya ce ya tambaya ne don da suna fitowa daga mota kamar ya ji ana Hausa. Kakarsa Bahaushiya ce, ita ta raine shi, amma shi kalmomi kaɗan ya riƙe. Ya juya wajen abokina ya ɗaga hannu ya ce, "Ina kwana," alhali rana tana tsaka. Abokina ya amsa masa, "Lafiya lau," suka yi dariya. Ashe masu sintirin kula da daji ne, masu hana sare itatuwa da farauta. Ba su nemi igamar kowa ba. Suka sha shayi a tsaye, suka bar mana katan ɗin ruwa, suka tafi.

Na ɗauki jakata na koma tabarmarmu. Abokina ya mayar da akala, ya zo ya zauna, ya zuba mini shayi kamar yadda ya saba. Na karɓa na sha. Dattijon ya kalle ni sau ɗaya ya ci gaba da ɗaure kaya. Muka hau muka ci gaba da tafiya. Yinin nan ban ji ciwon cinya ba, ko kuma na ji ban kula ba. Na yi ta shirya magana a raina, cewa dabara na yi, don idan aka kama shi gara ɗaya ya tsira ya nemo masa mafita. Maganar ta tsaru tsaf, sai dai na san ba ita ce a raina ba lokacin da na buɗe baki.

Washegari bayan sallar asuba ya ce in zo mu hau tudu mu ga fitowar rana kafin a naɗe tantuna. Muka hau, sanyi kamar ya yanke kunne. Muka zauna. Na fara da, "Mutumina, maganar jiya..." sai ya katse ni.

Ya ce, "Halas, bar ta. Kana da iyali a Kano, kana da aiki. Da ni ne a matsayinka wataƙila haka zan ce." Ya ɗebi yashi yana zubarwa ta tsakanin yatsunsa. Can ya ce, "Abu ɗaya ne kawai. Na so a ce ka ɗan yi jinkiri kafin ka faɗa."

Na ba shi haƙuri. Ya ce ya wuce. Rana ta fito, dattijo ya kira mu karin kumallo, muka sauko.

A hanyar dawowa na zauna kusa da shi a mota, na ƙudurta cewa idan aka tsayar da mu a shingen shiga Makka, ni zan fara magana, in ce ɗan'uwana ne, duk abin da zai faru ya faru. Muka iso shingen, askar ya leƙo, ya kalli direba, ya yi mana alama da hannu mu wuce. Shi ke nan. Jarumtar da na tanada ba wanda ya nema. Har yau ban san ko da na cika ta ba.

Na mayar da shi gida, mahaifiyarsa ta yi ta sa mini albarka, ta cika mini kwano da dambu. Bai taɓa gaya mata ba. Muka ci gaba da zumuncinmu, ina zuwa shago, muna shan shayi, shi ya ɗinka mini kayan sallar shekarar. Idan ana hirar tafiyar a gaban mutane, labarin madarar raƙumi kawai yake bayarwa.

Bayan kamar shekara biyu, da aka ba marasa takarda damar su fita ba tare da hukunci ba, ya je ya miƙa kansa, ya tafi da mahaifiyarsa Damagaram, garin da bai taɓa gani ba. Kafin su tafi na tambaye shi ko ya tabbata. Ya ce ya gaji da waiwaye. Yanzu yana da shago a can, ya yi aure, yana da 'ya'ya biyu. Muna gaisawa ta waya kusan kowace Juma'a. Hausarsa ta miƙe, har gyara mini yake yi.

Abin ya daɗe da wucewa, kuma ba zan ce yana hana ni barci ba. Ya yafe, na kuma yarda ya yafe. Abin da ya canza a wurina ƙarami ne. Da can idan ana hira aka ce wane ya gudu ya bar ɗan'uwansa a hannun askarawa, ni ne mai fara cewa ai ni ba zan taɓa yin haka ba. Yanzu idan aka kawo irin wannan hira, shiru nake yi in sha shayina. Na riga na ji amsar da bakina ya bayar ranar da aka tambaye shi, kuma bai tsaya ya yi shawara da ni ba.