Rubuta Abin da Kunnenta Ya Yi

Jiya aka yi taron cika shekara da rasuwar malaminmu, wanda ya ƙarar da rayuwarsa kan nazarin halayen dorina.

Na tuna wata safiya a Garuwa, muna cikin kwalekwale, warin laka ya ishe ni. Na rubuta cewa dorina ta yi fushi. Ya karɓe biron. "Ɗana, ka shiga zuciyarta ne? Rubuta abin da kunnenta ya yi."

To, Malam, ba zan ce ɗalibanka sun manta da kai ba. Abin da na gani shi ne, furofesoshin da ka yaye sun zo a makare, suna ta latsa waya, sun fice kafin addu'a.

Allah ya jiƙan ka, ya ba ka maƙwabtan da suka fi mu.