Mai Takalmi Ba Ya Nisa

Mu biyu ne a gidan, ni da Inna, kakata ta wajen uba. Uwata ta rasu ina goye, Baba kuwa ya bi motar Legas a shekarun da kuɗin mai suka kwashe samarin Kwandiko zuwa aikin gini. Ranar da zai tafi sabon kambas ya sa, ya bar tsofaffin takalmansa na fata a ƙofar ɗakinsa. Wasiƙa biyu ya aiko, daga nan shiru.

Idan sanyi ya sauko, bayan isha'i Inna takan hura wutar kara a ɗakinta, ta ɗauko takalman nan da ɗan kaskon man shanu, tana shafa musu tana ba ni labari. Gidajen maƙwabta cike suke da hayaniyar yara, namu kuwa sai ƙarar karan da wuta ke ci. Kaɗaici ya dame ni ƙwarai a lokacin, ko da yake ban san sunansa ba.

Tatsuniyoyinta na Gizo duk na haddace su, har ina yi mata gyara, tana cewa ƙawarta ta fi malamarta. Amma akwai labari guda da ba ta buɗe shi yadda ake buɗe tatsuniya, don ta ce wannan ya faru. A bakin wani Baturen likita ta ji shi, wanda take kai wa nono a Birnin Kudu wajen lokacin samun 'yancin kai. Mutumin ƙasar Hangari ne. Ita Hangali take cewa, kuma ba ta karɓar gyara. Ba shi da mata, ba shi da kowa, sai ya tsayar da ita a baranda yana ta zuba da Hausarsa ta 'yan koyo, har rana ta yi mata.

Wai wani azzalumin sarki ne na wata ƙasa ya danne tasu. Gonarka ba taka ba ce, bakinka ma ba naka ba ne, ko da ɗan'uwanka za ka yi magana sai ka waiga. Aka ƙera gunkinsa da tagulla, ya yi tsawon rimi, aka kafa a babban birninsu. Ran nan tura ta kai bango. Ɗalibai da ma'aikata suka fito, suka ɗaura wa gunkin igiyar ƙarfe a wuya, motoci suka ja, igiya ta tsinke. Sai maƙera suka kawo wuta suka yanke shi daga gwiwa. Ya faɗi, aka ja shi a titi kamar mushen jaki. Manyan takalmansa na soja kawai suka rage tsaye a kan dakali.

A nan Inna takan dakata ta girgiza kai. "Wautar Turawa ke nan, ƙawata. Ina aka taɓa korar mutum a bar takalmansa a ƙofa? Ai mai takalmi ba ya nisa."

Haka kuwa aka yi, in ji ta. Ba a cika mako biyu ba sai ga motocin yaƙi sun cika birnin. Aka kashe na kashewa, na gudu suka gudu, cikinsu har da likitan, wanda bai sake ganin uwarsa ba.

Ni dai ba ruwana da mutanen Hangali. Allah Ya yafe mini, murna nake yi idan an zo wurin motocin yaƙin nan. Idan azzalumi ma ya dawo wa takalmansa, ina ga Baba? Sai in karɓi takalman in jera su a ƙofarsa, in kwanta da daɗin rai. Ran kasuwa kuwa, duk motar da ta tsaya daga Gwaram ina gindinta.

Ina kwalejin horon malamai na ci karo da hoton a wani littafin tarihi: takalma biyu a kan dakali, an soka musu tuta. Sau uku na karanta bayanin da ke ƙasa. Ashe mai gunkin ya mutu tun kafin a kayar da gunkin, da shekaru. Sojojin magadansa ne suka dawo. Shi yana cikin kabari.

Da hutu na isa gida ina ɗokin nuna ilimina. Inna ta tsufa, ido ya yi rauni, da lalube take samun kaskon man. Na faɗa mata abin da na gano, ina jiran gardamar da ta saba. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Na sani," in ji ta. "Baturen ya faɗa mini."

Na tambaye ta dalilin da ya sa ta ɓoye mini shekara da shekaru. Ta juya takalmin, ta shafa wa ɗaya gefen mai.

"In na faɗa miki, da wa zan yi jiran?"

Baba bai dawo ba, ko labarin inda aka binne shi ba mu samu ba. Yanzu ni ma ina da jikoki, kuma sai da gidana ya watse, kowa ya kama gabansa, na fahimci cewa ba ni kaɗai Inna take lallashi da labarin nan ba. A daren dai sai na matsa kusa da ita. Na miƙa hannu na ɗauki ɗayan takalmin, ita kuma ta turo mini kaskon.