Yatsan da Ya Nuna Bar-su

A gidanmu na Sabon Gari, can wajen Cikaji, ba a kiwon kare. Babanmu ko giftawar kare ta ƙofar gida ba ya so. Amma a cikin gidan akwai wadda ta san karnuka ciki da waje, ita ce kakarmu ta wajen uba, Iya Tabawa. 'Yar maharbi ce daga wani ƙauye a bayan Samaru. Cikin Maguzawa ta tashi, sai da ta auri kakanmu ta musulunta. Ta bar kusan komai na can, ban da sanin dabba.

Da damina, idan sabuwar masara ta shigo, Iya ba ta barin garwashin tuwo ya mutu a banza. Ana sallame magariba sai ta jawo kujerarta bakin murhu, ta jera masara, mu jikoki mu zagaye ta. Daga nan har a kira isha'i lokacinta ne. Hayaƙi na shiga mana ido, ruwa na ɗiga ta hujin kwano, ba mai motsawa.

Babanmu direba ne a jami'a, wani lokaci ran Asabar yakan tafi da ni Samaru idan zai wanke motar maigidansa. A gidajen malaman nan na fara ganin karnukan da ba irin namu ba, kuma duk wanda na gani sai na kawo wa Iya labarinsa. Na ba ta labarin Alseshan, mai kunnuwa a tsaye da baƙin gadon baya, wanda ke bin maigidansa taku da taku. Ta ce wannan mai aiki ne, idan ba a ba shi aikin yi ba zai nema wa kansa. Na ba ta labarin wani ɗan mitsitsi fari da gashi ya rufe masa ido, yana haushi kamar zai tsage. Ta yi dariya har da tari.

"Tsoro ne ke cinsa, Ladi. Mai wannan surutun bar shi ya gaji. Amma in kika ga wanda ya tsaya cak ya zuba miki ido bai ce uffan ba, to ja da baya a hankali, kada ki juya masa ƙeya."

Irin wannan ma na gani, baƙi wuluk mai ƙaton kai kamar turmi, da ɗigo biyu ja a saman ido. Iya ta ce ba ta san shi ba, amma daga faɗin ƙirjin da na kwatanta, an yi shi ne don ya kama ya riƙe. Ita nata gwanin shi ne karen farauta irin na ƙauyensu, siriri mai dogayen ƙafafu, ciki a lafe, wutsiya a naɗe, wanda idan ka gan shi kwance sai ka ce yunwa za ta kashe shi kafin gobe.

Wata Asabar na dawo da labarin da ya fi duka. Kyanwa na gani a kan kujerar wata malama, fara tas, gashinta ya zubo kamar audugar rimi, fuskarta a baje, idonta kalar sararin sama. Na ce wa Iya, wallahi da za a ba ni ita, da abincina zan riƙa raba mana.

Iya ba ta yi dariya ba. Ta juya masara ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Ku matso. Ga wata nan tafe, ku tare ta."

Muka ce, "Mun tare, Iya."

Ta ce a wani ƙauye an yi wani maharbi mai kare ɗaya, sunansa Bar-su. Ja ne, ramamme, kunnensa ɗaya a yage tun wani karo da ya yi da dila, gefen bakinsa kuma akwai tabon da ya ɗage masa leɓe, kullum haƙorinsa a waje kamar mai shirin cizo. Yara na tsoronsa, mata na korarsa da muciya. Amma bai taɓa cizon kowa ba, ko haushi ba ya cika yi. A daji kuwa shi ne idon maharbin da kunnensa. Shi ke tayar da zomo, shi ke shan gaban gadu ya ɗauke masa hankali har maigidansa ya sami wurin saka kibiya.

Maharbin yana da 'ya guda, 'yar shekara tara. Ana nan sai ƙanensa, wanda ke yi wa wani Bature kuku a Samaru, ya zo da kyanwa cikin kwando. Baturen ne zai koma ƙasarsu ya bar masa ita. Fara ce mai dogon gashi, ba a taɓa ganin irinta a ƙauyen ba. Har daga unguwannin nesa ake zuwa kallonta. Yarinyar ta ɗauke ta kamar ƙanwarta, tana taje ta da matajin uwarta, tana ba ta nonon da aka ajiye mata na fura.

A gidan kuma akwai tantabaru na wan maharbin, wani dattijo mai zafin zuciya da ya fi son tsuntsayen nan a kan mutane. Sai aka fara wayar gari ana tsintar su a mace. Yau ɗaya ba kai, gobe biyu an farke musu ciki, hanji a waje, gashi ya watsu har bakin rumbu.

Wata rana da hantsi yarinyar ta zagaya bayan ɗaki, sai ta yi kiciɓis da kyanwarta. Ta danne wata tantabara da ƙafa ɗaya, tsuntsuwar na fuffuka, ita kuwa tana tsinke mata wuya a hankali, ba gaggawa. Farin gashin ƙirjinta ya jiƙe da jini. Ta ɗago ta kalli yarinyar, ta ci gaba da abin da take yi. Yarinyar ta ɗauke ta da sauri, ta kai ta rafi ta wanke ta, ta zauna da ita a rana har ta bushe.

Kafin ta dawo dattijon ya ga gawar. Ya tara gidan yana rantsuwa yau sai ya ga bayan mai yi masa wannan ɓarna. Ya dubi yarinyar ya ce, "Ke da kike yini a gida, me kika gani?"

A nan Iya ta ɗaga hannunta, ta miƙe yatsa ɗaya ta nuna bakin ƙofar madafin. Duk muka waiga, kamar za mu ga wani abu a wurin.

"Haka ta yi," in ji Iya. "Ba ta ma buɗe baki ba. Bar-su na kwance a gindin rumbu yana barci."

Maharbin ba ya nan, ya tafi kasuwa. Ba wanda ya tsaya tambaya, don fuskar karen ta riga ta yi kama da ta mai laifi. Dattijon ya zarga masa igiya a wuya ya ɗaure shi a jikin turken awaki. Karen ya biyo shi yana kaɗa wutsiya, a zatonsa daji za a je. Taɓarya ta farko a ƙugu ta same shi, ƙafafunsa na baya suka zube. Ya yi wani kuka da ba a taɓa jin ya yi ba. Samari suka kawo sanduna. Yana jan jiki da ƙafafun gaba, igiya na mayar da shi, jini na fita ta hancinsa da kunnen nan yagagge. Duk da haka bai kai wa kowa cizo ba. Ya daɗe bai mutu ba, sai da dattijon ya ɗauko dutsen niƙa ya sauke masa a ka.

Ƙanwata ta fara kuka. Iya ba ta lallashe ta ba, ta ci gaba.

Maharbin ya dawo ya tarar an jefar da karensa a bayan gari. Bai yi faɗa da wansa ba. Ya ɗauki fartanya ya je ya binne shi. Kwana huɗu bayan haka shi da kansa ya kama farar kyanwar cikin ɗakin tantabaru, ta kashe 'ya'ya shida, ɗaya na bakinta. Ya kama ƙafafunta na baya ya maka ta da jikin rumbu sau biyu, ya yar. Sannan ya juya ya dubi 'yarsa.

"An ce ke kika ga Bar-su."

Abin da ya faɗa ke nan, bai ƙara tayar da maganar ba har ya mutu. Da rani ya fita farauta da wani kwikwiyo da bai san komai ba. Gadu ya fito daga rami, kwikwiyon ya gudu, gadun ya farke wa maharbin cinya tun daga gwiwa har ƙugu. A kan ƙyauren kara aka kawo shi gida. Ya rayu, amma bai sake shiga daji ba, da sanda ya ƙarasa kwanakinsa.

Iya ta sunkuya kan garwashin. Muna jira ta rufe da abin da ta saba rufe tatsuniya da shi, mu yi dariya mu watse. Sai ta ciro masarar da ta ƙone ta jefa cikin toka.

"Wannan ba a rufe ta," ta ce. "Ni ce yarinyar. Ku tashi, an kira salla."

Na daɗe ina ɗaukar labarin nan a gurguje. Na ɗauka Iya na nufin mai kyau mugu ne, mummuna kuma na kirki. Sai da na yi aure na zauna a Hanwa, Iya ta daɗe da rasuwa, sannan na gane ba can ta dosa ba.

Gidanmu katanga ɗaya ce da na wan mijina, Yaya Mustafa. Ya sayo wani ƙaton kare daga Kaduna, irin wanda ake kira Kokeshiyan, mai gashi buzu-buzu ruwan toka, girmansa ya kai ɗan maraƙi. Kyakkyawa ne, ba ƙarya, mutane har hoto suke zuwa ɗauka da shi ta bayan wayar kejinsa. An ce asalinsa karen makiyaya ne a ƙasar sanyi da duwatsu. A nan kuwa cikin kejin ƙarfe yake yini a zafin Zariya, yana haki, ba mai fita da shi. A bakin layinmu kuma akwai wani jan kare na gari, ba mai shi, mai ƙuraje a baya, yana kwana kusa da teburin mai nama.

Wata safiya ina shanya a saman bene, sai na ga Ummi, 'yar maƙwabciyarmu, 'yar shekara shida, ta fito za ta Islamiyya. Ƙofar Yaya Mustafa a buɗe take kaɗan, an saki karen ana wanke kejinsa. Bai yi haushi ba. Tsalle ɗaya ya yi ya kayar da ita, ya kafa mata haƙora a kafaɗa, ya shiga girgiza ta kamar tsumma. Allonta ya faɗi gefe, hijabinta ya rine da jini. Na ƙwala ihu. Yaya Mustafa ya fito a guje da ƙarfen taya, ya doki karen a ka har ya saki, ya ja shi ciki, ya rufe ƙofa. Sannan ya ɗaga kai, muka haɗa ido.

Kafin in sauko layi ya cika. Ana tambayar wane kare ne. Na ji Yaya Mustafa da bakinsa yana cewa, "Wancan jan mahaukacin ne na wajen mai nama. Tun yaushe nake cewa a kashe shi."

Ina tsaye, Ummi na hannuna, jininta na bin zanena. Na ga samari sun kwashi duwatsu da gora sun nufi bakin layi. Na buɗe baki, sai na tuna wan mijina ne, na tuna zaman gidan, na tuna surukata. Na shiga keke napep da yarinyar da uwarta. Muna wucewa na ga sun ritsa jan karen a cikin kwata. Dutsen farko ya karya masa ƙafa, yana ƙoƙarin hawowa suna mayar da shi da gora. Na kawar da kai, amma kukan ya bi mu har titi.

A asibiti likita ya tambaya, "Karen gida ne ko na titi? An san ko an yi masa allura?" Uwar Ummi ta fara cewa na titi ne. A nan ne bakina ya buɗe.

"Ba shi ba ne, likita. Karen wan mijina ne. A kan idona aka yi."

An yi wa Ummi ɗinki mai yawa, ta warke, sai dai hannun ba ya ɗaguwa sosai har yau. An zo an tafi da karen Yaya Mustafa. Shi kuwa shekara biyu bai amsa gaisuwata ba, surukata ta ce na tona asirin gida. Mijina bai ce na yi daidai ba, bai ce na yi laifi ba.

Yanzu na san kyanwar Iya halin kyanwa ta yi, karen Yaya Mustafa ma abin da aka haife shi da shi ne ya fito, bayan an kulle shi ya rasa inda zai kai ƙarfinsa. Kowane iri da kamarsa da halinsa, kuma ba ɗayansu da ya taɓa ɗora wa wani laifinsa. Mu ne muke duban fuska mu zaɓi wanda ya fi sauƙin duka. Iya ba dabbobi take koya mana ba a bakin murhun nan, kanta take kai ƙara wurin jikokinta. Ni da na ji ƙarar tun ina yarinya, da tawa ranar ta zo, sai da na makara.

Bara Ummi ta shigo gidana karɓar lalle, ta zama budurwa. Muna zaune sai ta ce, "Anti Ladi, wai me ya sa aka kashe jan karen nan na wajen mai nama? Shi ne fa yake raka ni har ƙofar Islamiyya kullum. Ina ba shi guntun ƙosai."

Na so in ce mata samari ne suka yi kuskure, ko in ce Yaya Mustafa ne ya faɗa musu. Duka gaskiya ne. Na ajiye kwanon lallen na dube ta.

"Saboda na yi shiru ne, Ummi."